Ina Ruwan Yake Tafiya Idan Dusar Ƙanƙarar Girinlan da Antaktika Ta Narke?

A cikin kwana huɗu kacal, daga ranar 8 zuwa 12 ga watan Yulin 2012, taurarin ɗan Adam da ke sa ido a kan tsibirin Girinlan, can ƙuryar arewacin duniya, sun nuna cewa narkewar saman ƙanƙarar da ta lulluɓe shi ta bazu daga kimanin kashi 40 cikin 100 na faɗinta zuwa kashi 97. Hatta a tashar bincike ta Summit, wadda take can ƙololuwar ƙanƙarar a tsayin da ya haura mita 3,200, dusar ƙanƙara ta jiƙe, abin da rabon wurin da irinsa tun shekarar 1889, kamar yadda tsofaffin sassan ƙanƙarar da aka haƙo suka shaida. Wanda ya ji labarin a rediyo yana zaune a Bauchi ko Gombe zai iya ɗauka cewa duk ruwan da ya narke ya kwarara cikin teku. Wani kaso ya isa teku kam, har ambaliyarsa ta karya gadar kogin Watson a garin Kangerlussuaq, amma kaso mai yawa bai bar inda ya narke ba. Ya nutse cikin dusar, wani ya sake daskarewa a can ciki, wani kuma ya kwanta yana ruwansa. Abin da ke raba ruwan da zai tafi da wanda zai zauna yana faruwa ne a cikin 'yan mitocin sama na wannan shimfiɗa, a wurin da ido ba ya gani, kuma a kansa ne wani babban ɓangare na hasashen hauhawar teku ya rataya.

Shimfiɗar ƙanƙarar Girinlan ta kai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.7, wato ta kusa ninka Najeriya sau biyu, kaurinta kuma a tsakiya ya haura kilomita 3. Da za ta narke duka, da teku ya ɗaga da kimanin mita 7. Ta Antaktika ta fi ta nesa ba kusa ba, domin faɗinta ya kusa murabba'in kilomita miliyan 14, ruwan da ke daskare a cikinta kuwa ya isa ya ɗaga teku da kimanin mita 58. Masana suna lissafin cewa duk tan biliyan 360 na ƙanƙarar da ta bar tudu ta shiga teku yana ƙara masa milimita ɗaya. Tun daga 2002 da aka fara auna nauyin ƙanƙarar da taurarin ɗan Adam na GRACE, Girinlan tana asarar kimanin tan biliyan 270 a shekara, kuma kusan rabin wannan asara daga narkewar sama take zuwa, sauran rabin kuma daga ƙanƙarar da ke gangarawa tana ɓallewa a bakin teku.

Kafin a bi sawun ruwan, sai an san abin da yake ratsawa. A tsakiyar waɗannan ƙasashe dusar ƙanƙarar da ta zuba bana ba ta narkewa ta ƙare, ta baɗi ce take zuwa ta danne ta, ta shekarar da ke biye ta danne su duka. Nauyin da ke sama yana matse ta a hankali, ƙwayoyinta suna dunƙulewa suna mannewa da juna, iskar da ke tsakaninsu tana raguwa. Dusar da iska ta daddaɓe a sama nauyinta bai wuce kilo 300 zuwa 350 a kowace mita kubik ba, wato akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya. Idan nauyin ya kai kimanin kilo 830, kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin sun toshe ke nan, ruwa ko iska ba sa iya ratsawa, ta zama ƙanƙara. Tsantsar ƙanƙara kuwa nauyinta kilo 917 ne. Abin da ke tsakanin sabuwar dusa da ƙanƙarar da ta toshe shi ne tsohuwar dusa, wadda ta shekara ba ta narke ba amma har yanzu tana da kafofi a buɗe. Kaurinta yakan kai mita 60 zuwa 80 a tsakiyar Girinlan, a wuraren da suka fi sanyi a Antaktika kuma yakan haura mita 100, kuma kafin ta rikiɗe ta zama ƙanƙara akan ɗauki shekaru gommai, ko ɗaruruwa, a wasu wuraren ma dubbai.

Ɗan lissafi kaɗan zai fito da abin da ke cikin wannan al'amari. A ɗauki akwati guda na tsohuwar dusa mai nauyin kilo 500. Ƙanƙarar da ke cikinsa ba ta cike fiye da kashi 55 cikin 100 na akwatin ba, saura duk iska ce, ma'ana akwai gurbin da zai ɗauki ruwa lita 450, jarka 18 ke nan irin mai lita 25 da 'yan garuwa ke turawa a kura. To amma gurbi daban, sanyin da zai daskarar da ruwan daban. Duk kilo ɗaya na ruwa idan zai daskare sai ya saki zafi mai yawa, wanda ya isa ya ɗumama kilo 160 na ƙanƙara da digiri ɗaya. Saboda haka idan akwatin nan yana da sanyin digiri 10 ƙasa da sifili, ruwa lita 31 kawai zai daskarar kafin shi kansa ya ɗumama ya kai sifili, daga nan kuma ba shi da sauran ƙarfin daskarar da ko ɗigo. Kafofin za su riƙe ɗan kaso kaɗan da ya maƙale a jikin ƙwayoyi, ragowar kuma dole ya gangara ƙasa ya nemi inda sanyi ya rage. Wannan rata da ke tsakanin lita 450 da lita 31 ita ce ta sa ruwan narkewa yake tafiya, ita ce kuma ta sa tsohuwar dusa ba ta cika a damina ɗaya: sai hunturu ya dawo ya zuba mata sabon sanyi daga sama kafin ta iya karɓar wani ruwan ta daskarar.

Ba'amurken masani Carl Benson, wanda ya ratsa Girinlan tsakanin 1952 da 1955 yana haƙa ramuka yana nazarin bangonsu, shi ne ya fayyace cewa shimfiɗar ta kasu zango-zango bisa tsayi. Can sama akwai yankin busasshiyar dusa, inda narkewa ba ta cika faruwa ba. Ƙasa da shi akwai yankin tsatsafowa, inda ake ɗan narkewa a lokacin zafi amma ruwan yana nutsewa ya daskare bai jiƙa dusar shekarar duka ba. Sai yankin jiƙaƙƙiyar dusa, inda dusar shekarar take jiƙewa har ƙasanta, sannan a gefe-gefe yankin zaizayewa, inda duk abin da ya zuba a hunturu yake narkewa, tsirarar ƙanƙara ta bayyana. A yankunan nan biyu na tsakiya ne ake yanke wa ruwan hukunci, kuma iyakokinsu suna ta haurawa sama yayin da duniya ke ɗumama.

Manomi a ƙasar Gombe ya san bambancin jigawa da faƙo tun kafin wani ya yi masa bayani. Idan aka tafka ruwa a kan jigawa, kafin a jima ta shanye shi, sai dai a ga ƙasa ta yi duhu, kuma wannan ruwan shi ne zai raya gero da gyaɗa a kwanakin da hadari ya ɗauke. Ruwan da ya sauka a kan faƙo kuwa ba ya samun ƙofa, sai ya taru ya fara gudu, ya haɗu da ɗan'uwansa, ya zama kwazazzabon da ke cin gonaki da gidaje, irin wanda mutanen birnin Gombe suka daɗe suna fama da shi. Tsohuwar dusa jigawa ce ga ruwan narkewa. Kamancen ya wuce na baki, domin ƙa'idar da injiniyan Faransa Henry Darcy ya fitar a 1856 kan yadda ruwa ke ratsa yashi, wadda ɗaliban ilimin ruwa da ƙasa ke karantawa a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ita ce Samuel Colbeck ya ɗora a kan dusar ƙanƙara a farkon shekarun 1970. Sai dai akwai inda suka rabu, kuma a nan wahalar take: yashi ba ya sauyawa don ruwa ya ratsa shi, ita kuwa dusa da ruwan da ke ratsa ta abu ɗaya ne a siffa biyu. Ruwan yana kumbura ƙwayoyinta, yana ɗumama ta, yana iya daskarewa ya toshe hanyar da shi kansa ya bi. Jigawa ce da ke iya komawa faƙo da ruwan da ta sha.

Bayanin farko da aka yi ya ɗauka cewa ruwan yana sauka ne bai ɗaya, yana jiƙa kowane taki na dusar kafin ya wuce zuwa na ƙasa. Masu binciken da suka je suka gwada sun tarar da wani abu dabam. Sukan yayyafa ruwa mai launi a saman dusar, su jira awanni, sannan su haƙa rami su yanke bangonsa sumul da shebur. Abin da ke bayyana a jikin farin bangon shi ne wani ɗan taki mai launi a sama, daga ƙarƙashinsa kuma siraran layuka masu kaurin 'yan santimita suna zubowa ƙasa, tsakaninsu dusar tana nan fara fat, busasshiya, da sanyinta. Masana suna kiran waɗannan layuka yatsu. Philip Marsh da Ming-ko Woo sun bayyana su dalla-dalla a 1984 daga aikinsu a arewacin Kanada. Dalilinsu shi ne, da zarar ruwa ya sami wata 'yar kafa ya jiƙa ta, wurin ya fi kewayensa sauƙin bi, ƙwayoyinsa suna girma, kafofinsa suna buɗewa, kuma ya riga ya ɗumama zuwa sifili, don haka ruwan da ke biyowa baya can zai nufa. Ta haka ruwa kan zarce ƙasa da sauri ya bar yawancin dusar sama ba ta jiƙe ba.

Yatsan ba ya tafiya har abada. Tsohuwar dusa hawa-hawa take, kowace guguwa da kowace shekara da nata shafin, wani mai laushin ƙwaya, wani mai gautsi, wani kuma iska ta daɓe shi. Abin mamaki shi ne ruwa yakan tsaya a inda shafi mai ƙananan ƙwayoyi ya hau kan mai manyan ƙwayoyi, alhali mutum zai zaci manyan kafofin da ke ƙasa su ne za su fi karɓarsa. Ƙananan kafofi sun fi ƙarfin jan ruwa da riƙe shi, saboda haka ba sa sakinsa sai sun cika maƙil. Kafin su cika, ruwan yana bazuwa gefe a kan iyakar, idan kuma dusar wurin tana da sanyi sai ya daskare ya zama fallen ƙanƙara mai kaurin milimita kaɗan zuwa 'yan santimita. Shi ma yatsan idan ruwa ya yanke masa yakan daskare a tsaye ya zama sandar ƙanƙara. Wanda ya shiga rami a yankin tsatsafowa zai ga waɗannan fallaye da sanduna birjik a jikin bango, kowanne shaidar wani lokacin zafi da ya wuce. Fallen da bai yi kauri ba ba ya hana ruwa wucewa, domin yana da ƙarshe, yana da huji, ruwan yakan zagaye shi ya ci gaba.

A ƙarshen shekarun 2000 Joel Harper da Neil Humphrey da abokan aikinsu sun binne jerin na'urorin auna zafi a zurfafa daban-daban a yammacin Girinlan, suka bi sawun ruwan ta hanyar zafin da yake saki idan ya daskare. Sun ga na'urar da ke can ƙasa ta nuna ɗumi farat ɗaya alhali waɗanda ke samanta suna nan da sanyinsu, alamar cewa ruwa ya sulale ta wani yatsa ya je ya daskare a zurfin da ya kai mita 10, har ma fiye. A 2012 suka wallafa ƙiyasin cewa guraben da ke cikin tsohuwar dusar yankin tsatsafowa za su iya ɗaukar ruwa tsakanin tan biliyan 322 da 1,289. Labari ne mai sanyaya zuciya, domin yana nufin akwai rumbun da zai tare ruwan shekaru masu yawa kafin ya kai ga teku. Amma ƙiyasin ya tsaya ne a kan sharaɗin cewa ruwan zai ci gaba da samun hanyar kaiwa ga guraben, kuma abin da aka gano a shekarun da suka biyo baya ya nuna cewa sharaɗin yana cika a wani wuri, yana warwarewa a wani.

A watan Afrilun 2011, ƙarshen hunturu ke nan kafin a fara kowace irin narkewa, wata tawaga da ke aiki tare da Richard Forster na Jami'ar Utah tana haƙa a kudu maso gabashin Girinlan don auna yawan dusar da ke zuba. Da suka kai zurfin kimanin mita 10 suka jawo na'urar, sai ga ruwa yana tsiyaya daga jikinta, a cikin sanyin da ke daskarar da komai nan take. Suka matsa wani wuri, suka sake cin karo da ruwa a kimanin mita 25. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma babu wanda ya zaci maganar za ta tabbata a cikin ƙanƙarar Girinlan a tsakiyar sanyi. Abin da suka tono taskar ruwa ce da ke kwance a cikin kafofin tsohuwar dusa, ba ta daskarewa shekara da shekaru. Ƙiyasin farko ya ba yankin da ake iya samunta faɗin murabba'in kilomita 70,000, daga baya na'urar rada da jiragen hukumar NASA ke ɗauke da ita ta tabbatar da ita kai tsaye a kimanin 22,000. Lora Koenig, wadda ta koma wurin a 2013, ta ƙiyasta ruwan da tan biliyan 140.

Sirrin taskar yana cikin yawan dusar da ke zuba a wannan kusurwa ta tsibirin, inda iska mai laima daga tekun Atlantika ke sauke mitoci da dama a kowace shekara. Lokacin zafi yana samar da ruwa mai yawa da ke nutsewa can ƙasa, sannan tun farkon hunturu sabuwar dusa mai kauri take rufe wurin, kuma da yake dusa cike take da iska, ba ta bari sanyin sama ya ratsa ya kai ga ruwan. Ruwan taskar ba a tsaye yake ba, yana gangarawa a hankali ta cikin kafofi zuwa inda ƙasa ta karkata. A saman kogin ƙanƙara na Helheim, wato ƙanƙarar da ke gangarawa a hankali zuwa teku kamar kogi, an ga taskar tana ƙarewa daidai inda manyan tsagogi suka fara, kuma nazarin da aka yi ya nuna cewa ruwan da ke zuba cikin tsagar yana iya faɗaɗa ta har ya kai gindin ƙanƙarar. Ke nan taskar jinkirta ruwan take yi, ba lalle ta riƙe shi dindindin ba. An kuma sami irinta a tsibiran Svalbard da ke arewa da ƙasar Norway, da kuma kan dandamalin ƙanƙara mai iyo a kan teku na Wilkins a Antaktika.

A yammaci da arewacin Girinlan, inda dusar da ke zuba ba ta da yawa kuma sanyin hunturu ke ratsawa sosai, lamarin ya bi wata hanyar, kuma a ganina wannan ne ɓangaren da ya fi cancantar a damu da shi. A can ruwan ba ya yin nisa yake daskarewa. Idan shekaru masu zafi suka biyo juna, kamar yadda aka yi a 2007 da 2010 da 2012, sabon ruwa yakan sauka a kan fallen bara ya daskare a kansa, ya cike tsakaninsa da na samansa, har fallaye su haɗe su zama daɓen ƙanƙara mai kaurin mitoci. Horst Machguth da abokan aikinsa sun haƙa a wata tasha mai suna KAN-U da ke tsayin mita 1,840 a kudu maso yamma, suka tarar da irin wannan daɓe a kusa da sama, a ƙarƙashinsa kuma tsohuwar dusa tana nan da gurabenta a buɗe, ruwa bai kai gare su ba. A 2012 hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna rafuka suna gudu a saman wannan wuri, inda a da ruwa nutsewa yake yi. Binciken da Michael MacFerrin ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2019, ya gano daɓe mai kaurin mita 1 zuwa 16 a faɗin da ya haura murabba'in kilomita 60,000, kwatankwacin tsohuwar jihar Bauchi kafin a cire Gombe a 1996, kuma ya ƙiyasta cewa daɓen ya faɗaɗa yankin da ruwa ke gudu zuwa teku da kimanin kashi 26 cikin 100 tun daga 2001.

Abin lura a nan shi ne rumbun bai cika ba aka rufe bakinsa. Duk lissafin da aka gina a kan jimillar guraben da ke cikin dusar zai yi kuskure idan bai yi la'akari da inda ruwan ke daskarewa ba, domin 'yan mitoci na ƙanƙara a sama sun isa su raba ruwa da guraben da ke ƙasa masu zurfin mita gommai. Gaskiya ne daɓen ba ya toshewa ɗari bisa ɗari. Akwai inda yake tsagewa ruwa ya zurara ƙasa, kuma wani kaso na ruwan da ya taru a kansa yana daskarewa a jikinsa ya ƙara masa kauri maimakon ya gudu. Amma abin da ya rage yakan jiƙa dusar da ke bisansa ta zama taɓo, ya fara malala a hankali ta cikinta, har ya fito fili ya zama rafi.

Daga nan kuma abubuwa sukan haɗu su ƙara wa juna ƙarfi. Sabuwar busasshiyar dusa tana mayar da fiye da kashi 80 cikin 100 na hasken rana sama. Idan ta jiƙe, ƙwayoyinta suka girma, abin da take mayarwa yana raguwa, tsirarar ƙanƙara da ruwan da ke kwance kuwa sun fi ta shan zafin rana nesa, saboda haka inda aka fara narkewa nan narkewa ke ƙaruwa. Rafukan suna taruwa a tafkuna masu shuɗin ruwa, ko su faɗa cikin wasu rijiyoyin da ruwa ya huda a ƙanƙarar. A watan Yulin 2006 Sarah Das da abokan aikinta sun auna yadda wani tafki mai faɗin kilomitoci a yammacin Girinlan ya tsage gindinsa, yawancin ruwansa ya zurare cikin kimanin awa ɗaya da rabi ta cikin ƙanƙara mai kaurin kusan kilomita guda. Ruwan da ya kai gindi yana iya ɗaga ƙanƙarar ya sa ta ƙara saurin zamewa na ɗan lokaci, daga ƙarshe kuma teku yake nufa.

A Antaktika sanyi ya fi tsanani, narkewar sama ba ta wuce gefe-gefe da zirin da ya miƙa wajen Kudancin Amurka ba, kuma kusan duk ruwan yana sake daskarewa a inda ya narke. Haɗarin da ke can na daban ne. Nahiyar tana kewaye da dandamalan ƙanƙara masu iyo a kan teku, waɗanda narkewarsu ita kaɗai ba ta ɗaga teku tun da dama a cikin ruwa suke, amma su ne ke tokare kogunan ƙanƙarar da ke gangarowa daga tudu. Muddin tsohuwar dusar da ke kan dandamali tana da gurabe, ruwan narkewa zai ɓace a cikinta. Idan narkewa da daskarewa suka cinye guraben, sai tafkuna su fara bayyana a sama. Ruwa ya fi ƙanƙara nauyi, kilo 1,000 ne a inda take 917, don haka tsagar da ta cika da ruwa tana samun matsin da ya fi ƙarfin ƙanƙarar da ke ƙoƙarin rufe ta, sai ta yi ta nutsawa har ta huda dandamalin. Dandamalin Larsen B ya shekara kimanin 10,000 a wurinsa. A shekarun da suka gabaci rushewarsa tafkuna fiye da 2,000 sun bazu a kansa, sannan daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Maris na 2002 murabba'in kilomita 3,250, abin da ya kusa girman jihar Legas, ya farfashe. Kogunan ƙanƙarar da yake tokarewa suka ƙara gudu, wasu har ninki takwas.

Ba kowane ruwan sama ne ke kai dandamali ga wannan makoma ba. A kan dandamalin Nansen an ga kogi da ke kwashe ruwan narkewa ya zubar da shi cikin teku ta wata magangara mai faɗin mita 130, kuma ruwan da ya fice ba zai zauna ya cika tsaga ba. Siffar saman dandamalin da yawan dusar da ke zuba masa su ne ke nuna wanne zai faru.

Duk wannan yana da wuyar aunawa, kuma ya kamata mai karatu ya san dalili. Taurarin da ke auna tsayin ƙanƙara, irin su CryoSat-2 da aka harba a 2010 da ICESat-2 na 2018, suna ganin saman ya sauka ko ya hau, amma saukar mita ɗaya tana iya zama ƙanƙara ce ta tafi teku, tana kuma iya zama dusa ce ta narke ta daskare a ciki, ta matse, ba tare da ko kilo ɗaya ya bar wurin ba. Kafin a mayar da tsayi ya zama nauyi sai an san abin da ke faruwa cikin tsohuwar dusa. Yawancin manhajojin kwamfuta da ake hasashe da su kuwa suna ɗaukar dusar tamkar jerin bokitai, na sama ya cika ya zuba a na ƙasa. Yatsa mai kaurin santimita biyu ba ya shiga lissafin da ke kallon kilomitoci, alhali shi ne ke yanke ko ruwa zai daskare a mita ɗaya ya gina daɓe, ko ya zarce mita goma ya bar sama a buɗe. Shi ya sa har yanzu ake tura mutane da shebur da na'urar haƙa su kwana a tanti a kan ƙanƙara, kuma ina ganin kuɗin da ake kashewa a kansu ba asara ba ne.

Bauchi da Gombe suna da nisa da teku, kuma babu hauhawar da za ta kawo ruwan gishiri Dadin Kowa ko Gubi. Amma Najeriya tana da gaɓar teku ta kimanin kilomita 850, mafi yawanta ƙasa ce mai kwari. Garin Ayetoro a jihar Ondo ya riga ya rasa gidaje masu yawa ga teku, Legas kuma, inda kayan da ke cika kasuwar Wunti da babbar kasuwar Gombe ke sauka, kuma inda dubban 'yan'uwanmu ke neman abinci, tana kan ƙasar da ba ta ɗara teku da yawa ba. Injiniyan da zai tsara tsayin shingen teku ko magudanar ruwa a can yana dogara ne da hasashen da wani ɓangarensa ya fito daga waɗannan ramuka na Girinlan, ko ya sani ko bai sani ba.

A ranar 14 ga Agustan 2021 ruwan sama ya sauka a tashar Summit, karo na farko tun da aka fara ajiye bayanai a wurin, bayan narkewar da aka sake gani a can a 2019. Ruwan sama a kan dusa ya fi narkewa saurin aiki, domin yana zuwa da yawa a lokaci guda, yana kuma sakin zafinsa a ciki idan ya daskare. Gyaran abin da ya lalace kuwa ba ya zuwa da irin wannan sauri. Daɓen da 'yan shekaru masu zafi suka gina ba ya narkewa don an sami shekara mai sanyi. Sai dai sabuwar dusa ta taru a kansa shekara bayan shekara ba tare da ta narke ba, har ta binne shi ta samar da sababbin gurabe. A yammacin Girinlan, inda abin da ke taruwa a shekara bai kai mita ɗaya na ruwa ba, wannan aikin shekaru gommai ne. Binciken rada da aka yi bayan 2012 ya nuna cewa ko a shekarun da narkewa ta yi sauƙi, har zuwa 2018, daɓen ya ci gaba da ƙara kauri yana kuma miƙawa zuwa tsakiyar tsibirin, domin ɗan ruwan da aka samu a waɗannan shekaru ma a kansa yake sauka ya daskare.